Yadda Muka Kai Mota Arfa

Jama'a, yau da hannun hagu nake ɗaga kofin shayi, domin kafaɗar dama ta tafi hutu tun ranar Arfa. Ba kowa ya ja min ba sai bakina.

Kawuna Hashimu ya iso Makka bana. Shekara tara ya yi a hanya daga Gumel, a ƙafa, yana tsayawa tsinkar auduga a Sudan in guzuri ya ƙare. Tsoho ne, kuma shi da kansa ya ce ba ya jin zai ga wata Arfar. Ni kuwa, Sabo ɗan gari, na ce ƙafarsa ta gama aiki, a mota zai hau Arfa. Ai Mai Girma Uban Jigila, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya yi shela cewa ya tanadi motoci, bana ba mahajjacin da zai sha rana. Maƙwabcina Baraka ya tambaye ni ko na ga motocin da idona. Na ce na ga takarda. Ya ce to in hau takardar.

Kuɗin mota ya ninka uku kamar yadda na ruwa da na ɗaki suka ninka, ga kuɗin hatimi, ga kuɗin wanda ya riƙe wa mai hatimi tawada. Aka loda mu sittin a motar mutum ashirin, rana tana dafa mana ƙoƙon kai, ga harami ba halin sa hula.

Ko fita gari ba mu gama ba motar ta yi tari ta mutu. Direba ya leƙo ya ce, "Yalla ya hujjaj, a ɗan taɓa," wato maza alhazai mu sauko mu tura.

Muka taɓa. Ta tashi, muka hau, ta mutu, muka sauka. Raƙuma suna wuce mu, tsofaffi masu sanda suna yi mana sannu. Kuma a nan na sara wa hikimar manya: mai harami ba ya zagi, ba ya jayayya. Mutum sittin cike da magana, ba mai iya furta komai sai Labbaika.

Da la'asar ta kawo kai, wallahi tsoro ya kama ni. In Arfa ta wuce Kawu, shekara tara ta tafi a banza, kuma ni na jawo. Na ce ya bar motar ya yi gaba. Ya ƙi, wai ba zai bar 'yan'uwa da kaya ba. Ya gyara harami, ya sa kafaɗa, ya ja mana talbiyya da muryar masu gayya, har muka shiga Arfa rana tana ja, direba a zaune yana ba mu hanya.

Kawu ya tsaya, ya yi addu'a, ya yi kuka. Da ya share ido ya ce, "Sabo, daga Gumel zuwa nan ba wanda ya karɓi kuɗina don in yi tafiya a ƙafa sai garinku."

Jiya kuma aka yi shela cewa duk wanda ya biya ya isa Arfa tare da motarsa. Gaskiya ne, ni shaida ne. An ce baɗi za a ƙaro motoci goma. Roƙona ɗaya, Uban Jigila, ranka ya daɗe: a sayo ƙanana.