Ɗigon Jinin da Ya Kayar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ɗigon jini ɗaya, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, ya shimfiɗe ni a ƙasa gaban mata da yara ba. Har yau 'yan'uwa suna ba da labarin suna dariya, ni ma nakan taya su, amma ba kowa ya san inda abin ya ƙare ba.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. An kwaso mu ma'aikata an zube a Birnin Kebbi, ofis babu kujeru, gari babu gidan haya. Da ƙyar na samu ɗaki biyu na ajiye matata Hajara da ɗiyarmu Ma'u, 'yar shekara shida, wadda ke fama da farfaɗiya. Akwai ƙwayar da take sha safe da yamma, kuma lokaci-lokaci sai an ɗebi jininta an aika can nesa a auna, a ga ko maganin ya isa a jikinta ko ya yi mata yawa. To ɗibar jinin nan ita ce azabar. Ma'u siririya ce, jijiyarta ɓuya take yi, a soka allura a rasa, a koma ɗaya hannun. Mutum biyu ke danne ta. Da ta ji an ambaci asibiti take daina cin abinci.

Duk wannan a bakin Hajara nake ji, don ban taɓa shiga ɗakin ba. Da mun isa sai in ce zan nema wa babur wurin tsayawa (babur ɗin da ko kyauta aka ba ɓarawo sai ya yi shawara), in yi ta nema har su fito. Gaskiyar magana ba na iya kallon jini. Ragon layya ma maƙwabci ke yanka mini, kowace shekara wuƙata ba ta da kaifi. Amma ka same ni a majalisa ka sha cika baki. Bakabe ne ni, ɗan Argungu, ga zane reras a kumatu, kullum ina nuna wa mutane ina cewa aska ta bi fuskar nan ban ce uffan ba (ina jinjiri aka yi, kuma Inna ta ce unguwa guda ta ji ihuna).

Ana nan sai aka kawo wani sabon likita, saurayi, da wata dabara. Ya ce ba sai an nemi jijiya ba. Ɗan tsinken ƙarfe ne za a tsira a kan yatsa, a ɗiga jinin a wata takarda mai tsotse ruwa, ya bushe, a aika. Hajara har ƙwalla ta yi don murna. Ma'u kuwa ba ta yarda ba. Tana ganin farar riga da auduga ta dunƙule hannuwa ta cusa a hammata. Ranar a baranda aka ajiye teburin saboda zafi, shi ya sa ban samu hanyar sulalewa ba. Sista Ladi, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ta saba da mu, ta yi lallashi har ta gaji, ta ce in yarinya ba ta buɗe hannu ba dole a koma sirinji, don motar da ke kai jinin a ranar za ta tashi.

Nan bakina ya ja mini. Na dubi matan da ke jere a benci da 'ya'yansu, na gyara hula, na ce wa Ma'u ta kalli Babanta ta ga yadda maza ke yi. Hajara ta harare ni, harara irin ta wadda ta san abin da ke cikin tukunya. Na miƙa yatsa. Sista ta goge, ta tsira, wallahi ko cizon sauro ya fi shi zafi. Da na kau da kai da an wuce wurin. Sai na duba. Na ga abu ja ya taso yana sheƙi, kunnuwana suka toshe, baranda ta karkata, daga nan ban san komai ba.

Abin da ya biyo baya Hajara ce ta faɗa mini. Na zo ƙasa rim, hula gefe, takalmi gefe, ƙafa tana ɗan karkarwa. Wata mata ta ce farfaɗiya ce, gadon gida ne ashe, sai benci ya watse, kowa ta suri ɗanta, don a wurinmu an ɗauka wai yawun mai faɗuwa yana sa wa mutum ciwon. Kafin Sista ta zagayo teburin, Ma'u ta riga ta. Ta cire ɗankwalinta ta tura ƙarƙashin kaina, ta juya mini fuska gefe, daidai yadda uwarta ke yi mata, tana ce wa mutane, "Ku ba shi iska. Ba a ɗauka, wallahi ba a ɗauka."

Na farfaɗo na tarar da fuskarta a kan tawa. Ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali, "Baba, kai ma kana da shi?"

Mata suna kallo, likita yana kallo. Na auna biyun, ciwo da tsoro, na ga ciwo ya fi mutunci ga mai zane a fuska. Na gyaɗa mata kai. Ta tashi da kanta ta miƙa wa Sista yatsa, ta ce a ɗauki nata a ƙyale Baba. Ko motsi ba ta yi ba. Na tuƙa mu gida ina jin kunya ta ishe ni, amma ina ce wa raina ai buƙata ta biya.

Bayan 'yan makonni kokon safe ya fara yi mini ɗaci. Na ɗora wa Hajara, na ce geronta ya lalace. A ofis kuma barci ya sa ni gaba, har shugabanmu ya taɓa samuna da goshi a kan tebur, na ce zafin Kebbi ne. Sannan ciwon Ma'u, da ya yi sauƙi, ya dawo. Mun je Argungu gaida Inna lokacin girbi, ana turara shinkafa a tsakar gida, ya buge ta a gefen murhu. Hannunta na dama ya faɗa cikin garwashi kafin a cafe ta. Wannan karon na ga abin da ya fi jini, kuma ban faɗi ba. Na so a ce na faɗi.

Aka sake ɗiga jininta a takarda aka aika. Da sakamako ya dawo likita ya kira mu, ransa a ɓace, ya ce maganin da ke jikinta bai kai rabin na da ba, wani a gidanmu yana wasa da ran yarinya. Ni kuwa, gwanin iya magana, na juya kan Hajara a gabansa, na ce aikinta ke nan guda ɗaya ta kasa. Hajara ta rantse ba ta taɓa tsallake ko sau ɗaya ba, ta fashe da kuka. Ma'u tana zaune da hannu a naɗe, ta ga uwarta tana kuka, sai ta ce kada a yi wa Mama faɗa. Ƙwayar safe takan ɓoye a kunci, in Mama ta juya ta jefa a kokona.

"Ni ina da ta yamma," in ji ta. "Baba ba shi da ko ɗaya."

Sista Ladi ta juya tana gyara audugar da ba ta buƙatar gyara. Na durƙusa gaban yarinyar nan, da zanena da hulata, na gaya mata ba ni da ciwon komai, tsoron jini ne kawai ya kayar da ni, ƙarya na yi mata. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "To ni kaɗai ce ke nan." Sai a lokacin na gane ba magani kawai take ba ni ba, murna take ta samu ɗan'uwa.

Ma'u ta girma, tana shan maganinta, ciwon ya lafa, amma yatsu biyu na hannun nan ba su ƙara miƙewa ba. Ita ce ke fara ba da labarin faɗuwata in an taru, tana kwaikwayon yadda hulata ta yi tsalle, ba ta taɓa kaiwa ga koko ba. Ni dai abin da na koya shi ne, in tsoro ya kayar da kai, ka tashi ka ce tsoro ne. Dariyar mata a baranda yini ɗaya ce. Yanzu duk wanda ya yaba zanen fuskata, tun kafin ya rufe baki nake gaya masa cewa na yi ihu, unguwa guda ta ji.