Rasuwar Barewa a Kan Ƙafafun Aro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Malam Kailu, tsohon malamin dabbobi na Filinge, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Kurfai rasuwar motarsa Barewa, jar Fijo mai ƙofa biyu, wadda ta cika a kan wani tudun rairayi kafin a kai garin Sanam. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ya ce a rubuta wannan da kyau.

Marigayiyar ta zo hannunsa ne daga wani Bature mai haƙa rijiyoyi, tun kan Malam Kailu bai san furfura ba. Daga ranar bai yarda an sauya mata ko ƙusa ba. Injin da ta zo duniya da shi, da shi ta rayu. Mai kunya ce, ƙasa-ƙasa take tafiya, ba ta da haɗamar mai. Da safe takan yi ɗan tari, kyaf-kyaf, sannan ta ɗauki gurnaninta mai laushi, rrrrr, wanda ko kajin gida ba ya firgita su. A kujerarta ta dama Haske, uwar 'ya'yansa, take zama in za su gaida dangi a garin Damana, kuma tun da Allah Ya yi wa Haske rasuwa bai bar kowa ya zauna a wurin ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne lokacin da Malam Kailu ya tafi Yamai a yi masa aikin ido. Sai ga Mansur, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa, mai jigilar gero da awaki zuwa kasuwanni da wata ƙatuwar a-kori-kura. Kowa ya san ƙa'idar taubasai. Ya ɗauke maka hula, ya yanka maka kaza, ya kunyata ka a tsakiyar kasuwa, kai kuwa naka dariya. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma ba dattijon da zai saurari ƙararsa. Da wannan izini Mansur ya zare makullin Barewa daga jikin bango.

Shi dai so yake ya shiga filin kokawar Sanam da motar da ba mai irinta. Da ya tuna rairayin hanya, sai ya kwance manyan tayoyin a-kori-kurarsa, ya ɗora a-kori-kurar a kan bulo, wai zuwa jibi. Zaidu makanike, wanda bai taɓa ce wa aiki a'a ba, ya huda sabbin ramuka, ya sa zarto ya yanke gefen jikin Barewa don tayoyin su samu wurin juyawa. Aka ba barewa ƙafar raƙumi, ba wanda ya tambayi zuciyarta ko za ta iya.

Ba ta iya ba. Waɗanda suka gan ta a hanya sun ce tana tafe tana nishi, tayoyin suna cin jikinta, ƙurrr-ƙurrr, ga wani ƙaton abokin Mansur a kujerar Haske yana cin gyaɗa yana watsa ɓawo. A gindin tudu ta nemi a ji tausayinta, shi kuwa ya ƙara taka ta. Ruwanta ya tafasa, ƙauri ya tashi, ta yi ƙwas sau ɗaya ta yi shiru. Shanun noma ne suka jawo ta gida, ta tsakiyar gari, ranar kasuwa. Abin da Malam Kailu ya fara gani ke nan da sabon idonsa.

Mansur ya zo ta'aziyya yana washe baki. Ya dafa kafaɗar mai makoki a gaban jama'a ya ce: “Wasa na, taubashi, ba a hushi.” Malam Kailu ya yi dariya kamar yadda al'ada ta ce, har aka ga haƙoransa na ciki, kuma Allah shaida ne bai taɓa ƙin mutum kamar ranar ba. Da Mansur ya kawo zancen tayoyinsa, cewa kaka ta yi, buhuna suna jiran mota, sai Malam Kailu ya ce masa ya bari a yi sutura tukuna.

Marigayiyar ta rasu ta bar mijinta guda, da tsumman goge jiki, da ƙananan tayoyinta huɗu marayu, da rumfar da ba ta da sauran aiki.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri, an riga an kai ta makwanci jiya da hantsi, don ba a jinkirta gawa. Saminu magini ya haƙa ramuka huɗu a ƙarƙashin bishiyar gawon ƙofar gida, aka zaunar da ita, aka zuba siminti har ya kusa rufe tayoyin. Malam Kailu bai ga dacewar a tuɓe wa mamaciya takalman da ta cika da su ba. Simintin ya kama sosai, Saminu ba ya ha'inci.

Za a karɓi gaisuwa a nan gindin gawo bayan La'asar. An keɓe wa Mansur tabarma a gaba, daidai inda zai riƙa ganin ɗan abin da ya leƙo na tayoyinsa. Ana roƙon wanda yake da amalanke ya taimaka ya ɗauko shi, don motarsa tana kan bulo kuma za ta jima a can. Marayun nan huɗu ma shi aka bar wa gado, in zai iya sa su.

Malam Kailu ya ce a isar masa da saƙo ɗaya tak: wasa na, taubashi, ba a hushi.