Farar Gashin Barewa da Kazar Hajiya

A wata damina cikin shekarun 1990, tafkin bayan Gagarawa ya cika, sai maƙwabcina Bulus, malamin gona daga Filato, ya ba ni ƙugiyar kamun kifi da ya ɗaure wa gashin barewa, ta fito sak fara mai tsalle. Ya ce in shafa mata kakin zuma kaɗan don kada ta nutse.

Ni kuwa da na daɗe ina karantar da fiƙihu, sai na hango wurin ijtihadi: idan kakin ya narke a rana, zai fi ratsa gashin. Na shanya ta a faifai tsakar gida har da zarenta, na shaida wa matata Hajiya cewa yau da tarwaɗa za a yi miya, sannan na tafi azahar cikin natsuwa.

Da na dawo, na tarar da kazarta mai ƙwai, wadda ko don baƙo ba ta yarda a yanka ba, tana zagaye gida da zare a baki. Ta haɗiye farar, ƙugiya ta ƙi fita. Da hannuna na yanka ta.

Hajiya ta zuba mini romo, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a ci a hankali, kifin nan akwai ƙaya."

Bulus ya zo ya ci cinya, ya yi godiya ya tafi. Ban san wanda ya baza labarin ba, amma har yau, idan na ratsa layin masu kaji a kasuwar Maigatari, sai wani ya ɗaga zakara ya ce, "Malam, yanzu aka fito da shi daga ruwa."