Yadda Za Ka Zana Filin Wasan Harbi Ka Kayar da Madam

Idan matarka ta saba lallasa ka a wasan harbe-harbe na ordinatar, wato kwamfuta, share hawayenka, ka zo gidan magani. Matakai biyar ne, kuma ba sa kuskure. Abokina Mutari na unguwar Gaweye ya gwada su a gabana. Matarsa Salima ta kayar da shi sau goma sha ɗaya a jere, har suka ƙulla sharaɗi: in ta sake kayar da shi, shi zai dafa shayi ranar foyandinta, wato taron ƙawayenta na wata-wata. Mata goma sha huɗu, shayi zagaye uku.

1. Ɗora laifi a kan fili

Kai ba ka faɗuwa, fili ne mara kyau. Ka ce na Turawa ne, duk kango da ƙanƙara, ba ka san lungunansa ba. Sanar da ita cewa za ka zana naka, mai adalci. Maimaita kalmar adalci sau uku kana kallon sama.

2. Zana unguwarku

Kowa a gidansa sarki ne. Mutari ya kwashe sati uku yana dasa unguwarsu a cikin na'ura: gangaren da ke sauka gada, teburin mai kilishi, har taksin nan da ta mutu tun bara a bakin kwata. Masana sun ce hanyoyi uku ake yi, dama da hagu da tsakiya, kuma tazarar kowa ta zo daidai. Yi hakan. Sai dai a ɓangarenka ka jibge buhunan albasa na ɓuya, ita kuwa ka ba ta kujerar roba guda. In ta yi magana, ka ce salo ne.

3. Sa komai ya motsa

Ƙofa ta buɗu in an taɓa, tukunyar gas ta fashe, akuya ta zura da gudu. Akuyar ba ta da wani amfani, amma mai kallo zai ce ka yi karatu a waje.

4. Kada ka tsallake gidan manya

Nan ake gane ɗan mutunci. Gidan surukin Mutari, Alhaji Ousmane, yana tsakiyar unguwa. A cire shi? Rashin kunya. A zana shi yadda yake, ɗan ƙarami? Ya fi muni. Sai Mutari ya ƙara masa bene hawa biyu da bai taɓa mallaka ba, da tagogi ta ko'ina. Na ce masa wanda ya hau nan ya ga gari duka, ya ce ai shi zai riga hawa.

5. Shiga fili da ƙarfin zuciya

Ana farawa, Salima ko kallon kujerar robarta ba ta yi ba. Ta miƙe sak gidan ubanta, ta haye sama. Mutari ya biyo ta da gudu, ya iso ƙofar, sai ya ja ya tsaya cak. Shekara shida bai taɓa shiga gidan nan da takalmi ba, balle da bindiga. Yatsansa ya ƙi motsi. Wallahi da kunnena na ji shi ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

Salima, tana zaune kusa da shi a tabarma, ta amsa cikin ladabi: "Wa alaikumus salam. Shigo mana, Baba na ciki."

Sannan ta harbe shi ta taga.

A zagaye na biyu ya bi ta lungun baya, inda yake bi kullum don kada su haɗu da Alhaji. Kaico, lungun da yake jiranta tun suna zance! Can ma ta tare shi. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma dariya ta fi ƙarfina.

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe wa kowa yatsa ba. Wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a tsakiyar mata yana fifita wuta, ana ce masa shayi na biyu bai ji sukari ba, babu ruwana, kada a neme ni. Abu ɗaya zan ƙara, shi ma daga Mutari na ji: mata goma sha huɗu, gawayi tiya guda ba ya isa.