Nomau da Kujerar Yalwa

A garinmu akwai wani Nomau, mai wata tsohuwar mota da mata ɗaya, Ladidi, ma'aikaciyar jinya. Nomau ba ya musu. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, har sai ka yi da-na-sanin faɗa. Da aka haifa musu Yalwa, Ladidi ta sayo kujerar jarirai ta mota, ta kafa masa sharaɗi: ranar da ya ɗauki yarinyar ba bisa ƙa'ida ba, ya gama yawo da ita. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake so kamar zaga gari da 'yarsa.

Wata rana Ladidi ta ɗaure kujerar a baya, ta ce yarinya baya za ta riƙa fuskanta har ta shekara biyu. Nomau ya riƙe. A mota baya, a tsakar gida baya, baƙi su zo barka ya nuna musu ƙeyarta. Da ya ga tausayin ba ta ganin inda za su, sai ya tafi kasuwa da ribas, kaji na watsewa.

Wata rana kuma ta nuna masa yadda ake tsuke maɗauri, ta ce yatsanta ɗaya kawai zai shiga tsakaninsa da ƙirjin Yalwa. Washegari tana tsakiyar yi wa wani tsoho allura, sai ga Nomau da kujera a ka, Yalwa a ciki tana ɓaɓɓaka dariya.

"Maman Yalwa, ara mini yatsan nan in gwada, motar na gida tana jira."

Wata rana, Yalwa ta tasa, aka juya kujerar gaba, aka ce masa in kanta ya wuce saman kujera sai a sake babba. Ranar Sallah aka naɗa mata ɗankwali mai tsini, Nomau ya bi maƙwabta yana shelar ta girma. Da ɗankwalin ya faɗi ya dawo jiki a sanyaye, wai yarinya ta motse.

Wata rana za a yi suna a ƙauyen gaba. Ladidi ta riga su tafiya, ta bar masa magana ɗaya: kada ya tayar da mota sai ya ji maɗaurin Yalwa ya ce ƙas. Gwaggonsa Uwale ta zo da ƙawaye uku, ta ciro kujerar don a sami wuri, ta ɗora Yalwa a cinya. Nomau ya riƙe sitiyari ya kasa kunne. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi zagi, har ta yi masa ƙas da baki.

"Gwaggo, wannan naki ne. Na kujera nake jira."

Sai da rana ta take, abincin suna ya huce, sannan aka mayar da kujera, ƙawa ɗaya ta yi fushi ta sauka. Gwaggo ta rungume kwanon miyar da ta yo a cinyar da Yalwa ta bari.

Suna cikin tafiya jaki ya faɗo hanya. Nomau ya take birki. Kwanon ya ƙwace daga hannu biyu na Gwaggo, ya tashi ya daki gilashin gaba. Yalwa ko gezau, tafi ma take yi.

Suka isa jage-jage da miya. Gwaggo ta daɗe tana duban kwanon da ya lotse, sannan da bakinta ta ba Ladidi labari. Ladidi ta rungume 'yarta, ta ce wa mijinta gobe ma su fita yawonsu. Nomau ya sosa ƙeya, ya tambaye ta ko ana sayar da kujerar kwano.