Sanarwar Rasuwar Kasat Ɗin Grey Kettles Na Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba zan ɓoye ba, nake sanar da 'yan uwa na unguwar Woolwich a Landan da kewaye rasuwar kasat ɗina, kundin farko na mawaƙan new wave ɗin nan, Grey Kettles. Ya cika ranar Talata cikin rediyon kicin, yana da shekara arba'in da 'yan kai.

Marigayin ya fito lokacin da yaran nan huɗu ke fama da yunwa, suna kaɗa jita da hannunsu. A waƙarsa ta uku akwai kalangun wana, marigayi Abdul-Samed, wanda suka tsinta yana kiɗan suna a wani gidan haya suka roƙe shi ya zo. Jita na yin shiru sai ka ji kalangun ya shigo, kindin-kindin, ƙwam. Babu inda hannun wana ya saura a duniya sai cikin zaren kasat ɗin nan.

Ya daɗe yana jinya. Muryarsa ta fara rawa, zaren ya tsinke, uwargida Memunatu ta liƙe shi da jan farce. A ƙarshe rediyo ya tauna shi, ya yi ƙiiii, shi ke nan.

Ya bar ƙanne uku, ba na kirki ko ɗaya. Kundi na biyu ya sayar da jita ya sayi piyanon lantarki. Na uku kiɗan kanti ne, irin wanda ake sa wa mai zaɓen tumatir. Autan kuwa shi ne mara kunya: yaran nan huɗu sun tsufa sun yi ƙiba, suka sake naɗar kundin farko wai sun tsabtace shi, suka share kalangun suka sa inji. Su suna ce da wannan ci gaba. Ɗana Fawaz ya nemo min shi a waya don ya lallashe ni, na yafe masa saboda yarinta.

Za a sa marigayin cikin kwalin takalmi ranar Asabar bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a falo, akwai shayi. Kada kowa ya kunna waya. Za mu zauna shiru tsawon waƙa ta uku, in an zo wurin kalangu ni zan buga a kan tebur, tunda yanzu ni kaɗai na san inda yake shigowa.

Sanarwa daga Yusif, a madadin iyali.