Allon da Ya Yi wa Wani Talla

Shekarar da ake raɗe-raɗin karya darajar kuɗin sefa, 'yan sanda kuma suna kwashe masu kasa kaya a titi, na kama shagon ɗinki a unguwar Sotega. Murna kamar in tashi sama! Na shiga intanet na zaɓo hoton wata babbar riga, aikin da ko a mafarki ban taɓa yin irinsa ba.

Mai buga allon talla ya ce, "Alhaji, ka nemi izinin mai hoton?"

Na ce, "Abin da ke cikin wayata nawa ne. Ƙara masa girma!"

Aka kafa allo, na raba goro. Mutane suna tsayawa suna latsa waya, ina ta washe baki, amma ko ɗinkin aljihu ba a kawo ba.

Ran Juma'a wani dattijo ya sauko daga tasi. "Ni ne Sabi'u tela, rigar nan aikina ce. Da ƙararka zan kai, amma Allah ya yi maka albarka." Ya nuna gefen hoton. Ashe ɗan rubutun da na ɗauka ado ne, lambar wayarsa ce, ga ta ɓaro-ɓaro!

Har yau maƙwabta suna gaishe ni da, "Yaron Sabi'u, ya kasuwar maigida?"